Sawun Taya a Arewacin Kuiseb

Ni direba ne, ba ni da alli, ba ni da allo.
Nawa in kwaso yara sha tara daga Walvis Bay
tun duku-duku, in sauke su bakin Kuiseb,
kogin da yashi ya fi ruwa daɗewa a cikinsa,
in koma gindin mota in jira.

Yau Malama Elfriede ta ce, Gerson, taso,
riƙe mana jarka.

Hazon teku ya riga mu zuwa.
Ya kwanta bisa jan tudu kamar saniya mai tuƙa.
Can a ƙoli wani baƙin ƙwaro
ya kafa kai ƙasa, ya ɗaga gindi sama.
Yara suka tuntsire da dariya.
Malama ta ce, ku ƙyale shi, karyawa yake.
Hazo na taruwa a gadon bayansa,
ɗigo ya bi ɗigo har bakinsa.
Wanda girgije ya hana wa ruwa
ya koyi tatsar iska.

Muka tsaya gaban nara, ƙaya zalla, ko ganye babu,
saiwarta can ƙasa tana shan abin da kogi ya ɓoye.
Lukresia, wadda ba ta cika magana ba,
ta ce kakarta na dafa 'ya'yan a ganga,
ta shanya ƙwayar bisa buhu,
amma ba ta taɓa tsinke gindi ƙaf ba.
Akwai rabon mariri.
Akwai rabon dila, don shi ke kai iri gaba.
Malama ta rufe littafinta,
ta ce, maimaita, na baya ba su ji ba.

Da rana ta lashe hazo
ƙadangare ya shiga rawa kan yashi mai ƙuna,
ƙafa biyu sama, biyu ƙasa, sai ya sauya.
Kowa ya sami ɓallin dutse mai ƙyalli a tafinsa.
Wai lakar gindin wani teku ce
da ya rufe tun ba mai ba da labari.

Sai muka haura arewa, filin tsakuwa,
shimfiɗe, shiru, kamar ba kowa gida.
Ta durƙusa. Ta ce, Gerson, cika murfi.
Ta ɗiga a kan wani ɓawo mai launin toka,
muka zuba ido,
ɓawon nan ya yi miƙa, ya koma kore.
Ashe gansakuka ce, barci take.
Kafin ta ƙara faɗin farce
yaro ya yi furfura.

Ta miƙe ta nuna gaba.
Layi biyu farare, sambal, har inda ido ya gaji.
Wani ya yanke hanya ta nan, in ji ta,
tun ba a haife ku ba.
Iska ta yi shara shekara talatin, ba ta goge ba.

Festus ya ce, wane ne?
Ta ce, ba wanda ya sani.

Ni na sani.
Farar akori-kura ce, fitila ɗaya,
ina da shekara ashirin da biyu,
ga kifi a baya, ƙanƙara na narkewa.
Minti goma na rage a tafiyar.
Minti goma.

Jarka ta yi mini nauyi.
Na ce wa yaron, ƙasa-ƙasa,
mai motar bai san da masu gida ba.
Ya dube ni, ya dubi layin,
bai ƙara tambaya ba.

Da za mu koma
na bi sawun ƙafata, ɗaya bayan ɗaya,
ina sa takalmi inda na sa shi ɗazu.
Ban ce kowa ya yi ba.
Da na waiwaya,
yara sha tara a jere, kai sunkuye,
kowa na neman nasa.